Ni da Isufu a Ɗakin Sanyi

Ranar nan ina zaune a bencin mai shayi, nan bakin layin masu gyaran waya a Zongo, na ji ɗayanku yana cewa ajiyar bayanai ba sana'a ba ce, wai danna maɓalli ne kawai, na'ura ta san inda za ta kai komai. Ban tanka ba saboda shayina na da zafi. Yau ya huce. Ku matso in gaya muku wanda yake koya wa na'urar inda za ta kai abin, tunda ba da saninta aka haife ta ba.

Aikina na farko a wannan sana'a shi ne goge kan na'urar karanta tef. Wani kamfani ne a unguwar Ganhi nan Kotonu, mai babbar ordinatè, wato kwamfuta, guda ɗaya wadda ta cika ɗaki. A lokacin ba kowane gidan kasuwanci ke iya sayen irinta ba, sai su kawo mana lissafinsu mu yi musu, mu ajiye musu. Shef ɗinmu, wato shugabanmu, Mushe Kojo (Mushe na Faransanci, kamar a ce Malam), mutumin Wida, gajere mai furfura, ya miƙo mini auduga da kwalbar alkol, ruwan goge na'ura, ya ce, "Ka goge kamar kana goge idon jariri." Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in taɓa tef. Tef ɗin farko da na sani nannaɗe yake a faranti mai faɗin tiren shayi, yana da zoben roba a bayansa. In zoben na ciki, na'ura za ta iya rubutu a kai. In ka cire shi, sai karatu kawai. Wanda ya bar zobe a tef ɗin da ya kamata a tsare, Mushe Kojo ba ya masa faɗa, sai ya ɗauki rula ya buge masa yatsu a gaban kowa, ko da mutum ya yi aure.

Ɗakin kuwa sanyi ne da shi kamar cikin firji, don na'urar ba ta jure zafi. Ni kaɗai ne a unguwarmu nake fita da rigar sanyi a jaka a tsakiyar zafin Kotonu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta daɗe tana zaton masassara nake ɓoye mata.

Tare muka shiga da Isufu, ɗan Jugu ne, yana zaune a gidan kawunsa bayan babban masallaci. Na girme shi kaɗan, don haka Yaya Ɗanjuma yake ce mini, har yau. Hannunsa nauyi gare shi. Kafin ya ɗora tef ɗaya na ɗora uku. Ya taɓa sakin wani ya gangara har ƙarƙashin kabad, muna bin sa da rarrafe. In an tashi cin abincin rana, mu mu sauka wurin mai wake da gari a bakin titi, shi ya zauna da kundayen na'urar, manya-manya da Turancin Ingilishi, da ƙamus a cinyarsa. Nakan ce masa, "Isufu, littafi ba ya ɗora tef." Sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Yaya." Ba ya musu. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi.

Bari in ba ku misalin aiki ɗaya, don ku gane abin da muke kira goyo. Akwai wani gidan shigo da atamfa, su ne manyan abokan cinikinmu. Duk ƙarshen wata suna da fishiye, wato tarin bayanai, da yawa: na kayan da ke sito, na kayan da ke tashar jiragen ruwa, na dillalai, na albashi. Kowanne ƙarami ne, bai kai ya cinye kaset guda ba, don a lokacin mun bar faranti mun koma kaset. Kaset kuwa daga waje ake kawo shi. To sai a rubuta na fari a bakin kaset, na biyu ya hau bayansa, na uku ya hau bayan na biyu, har su ƙare. Na farin shi ne uwa, sauran goyo. Dokar goyo ɗaya ce: inda uwa ta sauka, nan goyo zai sauka. In an gama, sai a ɗauki kaset ɗin a haye gada da shi zuwa wani ɗakin ajiya da muke da shi a Akpakpa, don ko gobara ta ci Ganhi, bayanan mutane na nan.

Wannan jerin a kaina yake. Na san wace uwa ke da goyo nawa, wane ne ke zuwa a makare, wane ne ke kumbura a watan azumi lokacin da cinikin atamfa ya buɗe. Shugabar lissafin gidan atamfar, Madam Selestin, mace mai tabarau da muryar da ke tsayar da zemijan, 'yan acaɓarmu, a titi, in ta bugo waya ba ta neman shef. Cewa take, "Ba ni Ɗanjuma." Ku riƙe wannan. Ni take nema.

Sai aka kawo sabon tsari. Aka ce daga yanzu ba mutum zai riƙa zaɓa wa fishiye wurin zama ba. Za a rubuta wa na'ura ƙa'idoji, duk fishiyen da aka haifa ta dube shi, sunansa, girmansa, wane aiki ya haife shi, sai ta ba shi aji, ta ba shi rukuni. Aji shi ne irin kulawar da ya cancanta, ko mai bukatar sauri ne ko wanda zai iya jira. Rukuni kuma shi ne inda zai zauna, ko a faifan cikin na'ura ko a kaset, kuma a wane jeri. Kamar mai masauki ne a Zongo, baƙo ya sauko daga mota, ka dube shi sau ɗaya ka san ɗakin da za ka kai shi. Bambancin kawai, ita na'ura ba ta da ido. Abin da ka rubuta mata shi za ta yi, ko da zai kai ta rami.

Aka ce mutum ɗaya za a tura Abijan ya koyi rubuta ƙa'idojin. Ban ma tsaya tambaya ba, na kai wandona wurin tela. Ranar da Mushe Kojo ya kira mu biro ɗinsa, wato ofishinsa, na shiga gaba, Isufu na biye.

"Isufu zai tafi," in ji shi.

Na ce, "Shef, ban ji ba."

"Ka ji. Kai ka san inda kowane abu yake. Shi yana tambayar dalilin da ya sa yake can. Na'ura dalili take so."

"To wa ya koya masa riƙe kaset?"

"Kai. Shi ya sa ba zan iya rasa ka a ɗakin nan ba."

Irin wannan yabon, samari, Allah ya raba ku da shi. Yabo ne da ake ɗaure mutum da shi a turke. Da muka fito Isufu ya kama hannuna ya ce, "Wallahi Yaya ban nema ba." Na ce na sani. Da ya nema ma da ya fi mini sauƙi.

Ya dawo daga Abijan da ƙaramar jaka ta fata da takardar shaida. Aka ba shi biro mai taga, yana hango teku daga nesa, ni ina ɗakin da ba a san rana ta fito ko ta faɗi ba. A Zongo kuma suna ya canja. In an idar da sallar Juma'a sai ka ji dattawa na cewa, "Injiniya, ina gajiya?" Har lasifikar masallaci in ta lalace shi ake aika wa, alhali bai san komai a kanta ba, ni nake zuwa in gyara da la'asar, a ce Injiniya ya turo yaronsa.

Zan so in ce muku ƙa'idojinsa ba su yi aiki ba. Sun yi. Na zauna na karanta su layi-layi ina neman inda ya yi tuntuɓe, ban samu ba. Da farko ya ware fishiyen wucin gadi, waɗanda ke mutuwa da ƙarewar aiki, ya kai su rukuninsu. Ya ware na banki da na inshora, ya ba su aji mai sauri. Faifan da ke cika mana a tsakiyar aiki ya daina cika. Madam Selestin ta bugo wata rana, na ɗauka, ta ce, "Ɗanjuma, sannu. Isufu na kusa?" Na miƙa masa kan wayar na koma na goge na'urar da na riga na goge da safe.

Sai muguwar shekara ta zo. Kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa kullum, injin wutarmu ya tsufa, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ta mutu, muka koma kafa fankoki a gaban babbar ordinatè kamar mai jinya. Kaset ɗin da aka yi oda suka maƙale a tashar ruwa. Abokan ciniki biyu suka sayi ƙananan na'urorinsu suka tafi. Mai kamfanin ya tara mu ya ce in gidan atamfa ya bi su, rufewa za a yi. Mu goma sha wani abu ne a wurin, kowa da bakunan da ke jiransa a gida.

Don a rage cin kaset, aka sa Isufu ya ƙara sabuwar ƙa'ida: duk ƙaramin fishiyen da aka nufa da kaset, na'ura ta karkatar da shi zuwa faifai, ya ɗan zauna can, daga baya a kwashe su gaba ɗaya. Dabara ce mai kyau, ana yin ta ko'ina. Ya saka ta ranar Alhamis. Ranar Juma'a da safe saƙo ya zo cewa mahaifinsa ya rasu a wani ƙauye bayan Jugu. Ya shiga motar arewa da rigar da ke jikinsa. A lokacin ba wayar hannu, ƙauyen kuma ko ta waya babu.

Aikin ƙarshen wata ya zo, wasu ayyuka suka fara mutuwa a tsakiya. Na'ura ta ce ba za ta iya ɗora goyo ba, don ba ta ga uwa a inda take tsammani ba. Waɗannan ma da sauƙi, tunda sun yi kuka. Masu haɗarin su ne waɗanda suka wuce shiru. Ana cikin haka Madam Selestin ta iso da kanta, ruwan sama ya jiƙa mata gefen zane, ta ce masu binciken kwastan na zaune a biro ɗinta, suna son bayanan kayan sito, a ciro mata daga ajiya. Na hau zemijan cikin ruwa na haye Akpakpa, na dawo da kaset a cikin leda a ƙirjina. Na ɗora. Uwa na nan. Bayanta fayau, ba goyo ko ɗaya.

Nan take na gane abin da ya faru. Uwar ta fi sauran girma, ƙa'ida ta bar ta ta tafi kaset. Goyon ƙanana ne, ƙa'ida ta kwashe su ta kai faifai, rukunin wucin gadi, inda ake share abu in ya kwana biyu. Mun yi ta kai kaset rabi-rabi Akpakpa muna cewa mun ajiye.

Madam ta cire tabarau ta ce, "Ɗanjuma, gaya mini gaskiya. Kayana sun ɓace?"

Na ce, "Ba su ɓace ba tukuna, Madam. Ki ba ni zuwa azahar."

Na dakatar da sharar faifai, na bi su ɗaya-ɗaya na tsinto, don na san sunan kowane goyo da uwarsa. Aka samu duka sai guda ɗaya na dillalai, wanda 'yan biro ɗinta suka sake bugawa daga takardu. Ta tafi ba ta yi godiya ba, ta ce in ya sake faruwa za ta kwashe aikinta.

Mushe Kojo ya dube ni ya ce, "Za ka iya gyara ƙa'idar?"

Shekaru nake jiran wannan tambaya. Na ce zan iya. Na shiga biro ɗin Isufu, na zauna a kujerarsa, na buɗe taga. Iskar teku na da daɗi, ban taɓa sanin haka take shigowa ba. Dabarata ita ce in rubuta wa na'ura sunan duk wani aiki mai goyo, in ce mata in ta ga ɗaya daga cikinsu kada ta taɓa shi. Na bi abokan ciniki gida-gida a kaina, na zuba sunaye, shafi bayan shafi. Kuma ta yi aiki, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Ayyuka suka daina mutuwa. Mai kamfani ya tsaya a ƙofa ya ce, "Da kyau, Ɗanjuma." Matsalarta ɗaya: duk ranar da wani ya ƙirƙiro sabon aiki, ko ya canja harafi ɗaya a suna, sai goyo ya sake ɓacewa, in koma in ƙara layi. Na zama mai toshe rufin da ke yoyo da tsumma. Amma rufina ne, kuma ina kan kujerar.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki Isufu ya dawo, ya rame, idonsa ya faɗa. Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, na tashi daga kujerarsa. Ya ce in zauna, ya jawo benci. Ya karanta shafukana duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce, "Yaya, duk wannan daga ka ka rubuto?" Na ce daga ka. Ya girgiza kai. Sannan ya tashi ya ɗauko ɗaya daga cikin kundayen nan nasa, ya buɗe wani wuri can kusa da ƙarshe, ya juyo mini da shi.

"Laifina ne, na san da wannan shafin, gaggawa ta sa na manta. Duba nan. Duk lokacin da fishiye ya zo a matsayin goyo, na'urar da kanta tana ɗaga alama, tana faɗin inda uwarsa ta sauka, ko kaset ko faifai. Ba sai mun san sunan kowa ba. Tambayarta kawai za mu yi."

Ya jawo allon rubutu. A saman ƙa'idojin duka, kafin a duba girma, kafin a duba suna, ya rubuta: in wannan goyo ne, a duba inda uwa take, a ba shi ajinta da rukuninta, a fita, kada a ƙara tambayarsa komai. Layukan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Muka gwada da aikin atamfa, goyo ya bi uwa. Muka ƙirƙiro aiki da sunan banza wanda ba a taɓa ji ba, goyo ya bi uwa. Muka sa uwar ta zama ƙarama don ta tafi faifai, duk suka bi ta can, ba wanda ya rabu da wani.

Na daɗe ina kallon allon. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka a sana'ar nan ba, kafin ranar ko bayanta. Kuma ba ni na rubuta ba. Kundin nan ya yi shekaru a kan kantar da nake jingina da ita in na gaji.

Ya ce, "In goge naka, Yaya, ko a bar shi?"

Na ce, "Goge mana. Me za a yi da shi?"

Bai tsaya nan ba. A taron ma'aikata ya miƙe ya ce da ba don Yaya Ɗanjuma ba da bayanan gidan atamfa sun salwanta, da kamfani ya rufe, shi kuskure ya yi, ni na riƙe gidan. Aka tafa mini. Kowa ya fita yana cewa, kai, Isufu akwai hali, ga ilimi ga tawali'u. Yabon da ya ba ni ma shi ya koma wa.

Gidan atamfa bai tafi ba a shekarar. Muka ci gaba har zamani ya ture babbar na'urar, aka yanke wayoyinta, 'yan gwangwan suka zo da amalanke. Isufu tun kafin nan wani babban banki a Abijan ya ɗauke shi, ya yi ta tashi sama, har ƙasashe ake kai shi ya duba musu ƙa'idojin ajiya, don irin waɗannan na'urori suna nan da ransu a manyan bankuna, kada ku ga ba ku gan su ba. Ni na koma wani gidan inshora ina kula musu da ajiya har na yi ritaya. Ban yi asara ba. Na aurar da 'ya'yana, na je Makka. Ba kuka nake muku ba.

Don haka in ka ɗauki hoto a wayarka ya tafi ya zauna inda ya dace, ya dawo maka ranar da ka neme shi tare da 'yan'uwansa, ka sani wani ne ya zauna ya yi tunanin wa zai bi wa. Hannu mai sauri irin nawa ana samunsa a kowane layi. Wancan kan kuwa, a duk rayuwata ɗaya na gani.

Bara Isufu ya dawo gida gaba ɗaya, ya gina gida a unguwar Fidjrossè, ya shiga harkar shanu da 'yan'uwansa masu saukowa daga arewa. Muka haɗu a sunan jikar wani abokinmu a nan Zongo, aka haɗa mu kwano ɗaya. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, yana ta ba ni labarin wani bijimi da ya tsinke a kasuwa. Na bari ya gama, na ce, "Isufu, ka tuna layukan nan na goyo?"

Ya ce, "Wane goyo, Yaya?"

Na zaci wasa yake. Na ajiye lomata na karanto masa su daga ka, harafi-harafi, yadda ya rubuta su ranar, har da inda ya bar tazara. Ya saurara, baki a ɗan buɗe. Da na gama ya yi dariya ya ce, "Kai! Wanda ya rubuta wannan yana da kai. Da gaske ni ne? Wallahi duk sun zube mini, ko ɗaya ban riƙe ba." Ya tura mini tsokar da ke gabansa, ya juya wurin na kusa da shi ya ci gaba da zancen bijimi.

Na tashi na wanke hannu ban ƙoshi ba.